Zinariya a Ƙarƙashin Soson Ruwa: Makomar Ƙananan Masu Hannun Jari Idan Kamfanin Ma'adinai Ya Yi Ƙarar Gwamnati

Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 2024, wani kwamitin alƙalai uku ya yanke hukuncin ƙarshe a kan ƙarar da kamfanin haƙar zinariya na ƙasar Kanada mai suna Eco Oro ya kai gwamnatin Kolombiya. Kamfanin ya nemi diyyar kusan dalar Amurka miliyan 700. Tun a shekarar 2021 mafi rinjayen alƙalan suka yarda cewa Kolombiya ta saɓa wa wani sashe na yarjejeniyar da ke tsakaninta da Kanada. Amma da aka zo maganar kuɗi, sai suka ce babu diyya ko ta sisin kwabo. Mutanen da suka sayi ƙananan hannayen jari a kamfanin, suka kuma yi zaman jiran fiye da shekara bakwai, haka suka tashi hannu rabbana.

Mai karatu zai iya tambaya, shin me ya haɗa ilmin halittu da kasuwar hannun jari? Amsar ita ce, wannan rikici daga tsirrai da ƙasa da ruwa ya samo asali, kuma wanda bai fahimci waɗannan ba, ba zai gane dalilin da kuɗin suka salwanta ba.

Soson da ke kan dutse

A saman duwatsun Andis na Amurka ta Kudu, daga tsawon kimanin mita 3,000 zuwa sama, inda sanyi ya hana manyan itatuwa tsirowa, akwai wani irin fili da ake kira paramo. Kusan rabin irin wannan fili na duniya a Kolombiya yake. Fitaccen tsiron wurin shi ne firailehon, wanda masana ke kira Espeletia. Ganyensa yana da gashi mai laushi wanda ke kama danshin hazo, ya tara shi, ya ɗiga ƙasa. Girmansa kuwa na hawainiya ne, domin wasu nau'o'insa ba su wuce santimita ɗaya ko biyu a shekara. Ke nan tsiron da ya kai tsawon mutum yana iya girmar kakan mai karatu.

Saboda sanyi, ƙwayoyin bakteriya ba sa saurin ruɓar da matattun ganyaye. Sai su taru shekara da shekaru, su zama baƙar ƙasa mai kauri wadda ke shan ruwa kamar soso lokacin damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin rani. Daga irin wannan soso na yankin Santurban ne koguna ke gangarowa su shayar da birnin Bukaramanga. A ƙarƙashinsa kuma zinariyar da ake kira ta Angostura take kwance.

Abin da haƙar zinariya ke yi wa ruwa

Haɗari biyu ne masana suka fi jin tsoro. Na farko shi ne sinadarin sayanaid, wanda ake amfani da shi wajen narkar da zinariya daga niƙaƙƙen dutse. Guba ne mai toshe aikin wani enzayim a cikin mitokondiriya, wato ɗakin da ƙwayar halitta ke amfani da iskar oksijin don samar da ƙarfi. Kifi ya fi mutum saurin mutuwa da shi. A watan Janairu na 2000, madatsar dattin wata ma'adina ta fashe a Baia Mare ta ƙasar Romaniya, ruwa mai sayanaid kimanin mita kubik 100,000 ya kwarara har kogin Tisza, ya hallaka kifaye masu ɗimbin yawa.

Na biyu shi ne ruwan tsami. Duwatsun zinariya sukan ƙunshi ma'adinin farat da ƙarfe. Idan aka fasa su suka haɗu da iska da ruwa, sai su haifar da asid, wasu bakteriya kuma su ƙara hanzarta aikin. Asid ɗin ya narkar da arsenik da sauran ƙarafa masu guba, su bi ruwa. Wannan yana iya ci gaba shekaru da yawa bayan an rufe ma'adinar.

Da wannan fargaba dubban mutanen Bukaramanga suka fito zanga-zanga a watan Fabrairu na 2011. Kamfanin, wanda a lokacin sunansa Greystar, ya janye shirin haƙar buɗaɗɗen rami, ya sake suna, ya ce zai koma haƙa ta ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshen 2014 gwamnati ta shata iyakar paramon Santurban. A watan Fabrairu na 2016 kuwa Kotun Tsarin Mulki ta Kolombiya ta haramta haƙar ma'adinai a cikin paramo, har ga masu tsohon lasisi. Kusan rabin filin kamfanin ya faɗa cikin yankin da aka kare.

Daga dutse zuwa zauren shari'a

Ƙasashe sukan ƙulla yarjejeniyar kare jarin 'yan ƙasashen juna. Wadda ke tsakanin Kanada da Kolombiya ta fara aiki a 2011. Irin wannan yarjejeniya tana ba kamfani damar tsallake kotunan ƙasar da yake aiki, ya kai ƙara gaban kwamitin sasanci na duniya. Cibiyar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce ICSID, wani reshe na Bankin Duniya da ke birnin Washinton, wadda ta fara aiki a 1966. A bisa al'ada kowane ɓangare yakan zaɓi alƙali ɗaya, na uku ya shugabanci zaman. Ba a ɗaukaka ƙara kamar yadda ake yi a kotu, sai dai neman soke hukunci bisa wasu ƙayyadaddun dalilai. Can Eco Oro ya nufa a ƙarshen 2016.

A nan ya kamata mu lura da abu guda. Ƙarar ta kamfani ce. Mai ƙaramin hannun jari ba ya cikin masu ƙara, ba ya zaɓen lauya, ba a kuma shawartarsa kai tsaye idan za a yi sulhu. Gaskiya ne an taɓa yarda mai hannun jarin da ba shi da rinjaye ya shigar da ƙarar kansa, kamar yadda aka yi wa kamfanin CMS na Amurka a ƙararsa da Ajantina a 2003. To amma irin wannan shari'a miliyoyin daloli take ci, ta fi ƙarfin malamin makaranta ko ɗan fansho.

Ƙofofi huɗu

Kafin kwabo ya shiga aljihun ƙaramin mai jari, sai kuɗin sun ratsa ƙofofi huɗu.

Ƙofa ta farko, a ci shari'ar. Kamfanin Gabriel Resources na Kanada ya so haƙar zinariya da sayanaid a Rosiya Montana ta Romaniya. Jama'a suka yi bore a 2013, aikin ya tsaya, kamfanin ya kai ƙara a 2015 yana neman fiye da dala biliyan 4. A watan Maris na 2024 alƙalai suka kori ƙarar, suka kuma umarce shi ya biya Romaniya kuɗin shari'a. Farashin hannun jarinsa ya rushe nan take.

Ƙofa ta biyu, a yanke diyya. A nan Eco Oro ya faɗi. Alƙalai sun ce haramta haƙa don kare paramo halattaccen iko ne na gwamnati. Laifin Kolombiya shi ne tufka da warwarar da hukumominta suka riƙa yi wajen shata iyakar wurin. Kamfanin kuwa ya kasa nuna asarar da wannan laifi shi kaɗai ya jawo masa, daban da wadda halattacciyar dokar ta jawo.

Ƙofa ta uku, a karɓo kuɗin. Kamfanin Crystallex, shi ma na Kanada, ya rasa ma'adinar zinariya ta Las Cristinas a Benezuwela. A watan Afrilu na 2016 aka yanke masa diyyar dala biliyan 1.2 ban da kuɗin ruwa. Benezuwela ba ta biya duka ba. Sai kamfanin ya koma kotun tarayya da ke jihar Delaware ta Amurka yana neman a sayar da hannun jarin da ke riƙe da kamfanin mai na Citgo, mallakar Benezuwela. Sai a ƙarshen 2025, bayan fiye da shekara tara da hukuncin, alƙali ya amince da mai saye, ga kuma sauran masu bin bashi sun yi layi.

Ƙofa ta huɗu, a raba. Kamfanin da aka hana haƙa ba shi da kuɗin shiga, don haka yakan nemi mai ɗaukar nauyin shari'a, wanda zai biya lauyoyi bisa sharaɗin a ba shi kaso daga diyyar. Crystallex ya shiga kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2011, ya karɓi rance daga kamfanin Tenor Capital na Amurka. Kason mai rancen ya faro daga kashi 35 cikin 100, kowane ƙarin rance kuma ya ƙara shi, har ya haura kashi 80. Eco Oro ma a 2016 ya ƙulla irin wannan ciniki, wanda ya miƙa mafi yawan diyyar da ake sa rai ga masu ba da kuɗi. Wasu masu jari suka tayar da ƙayar baya, suka nemi a tsige shugabannin. Shugabannin suka fitar da sababbin hannayen jari ga magoya bayansu dab da zaɓe, har sai da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta lardin Ontariyo ta soke amincewar da aka yi wa wannan mataki a 2017. Lalle kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Darasi daga sarƙar abinci

Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa a sarƙar abinci, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfi ke wucewa daga mataki zuwa mataki, kamar daga ciyawa zuwa fara, daga fara zuwa ƙadangare. Rabon diyya ma yana da kama da haka. Mu ƙaddara, alal misali, an karɓo dala miliyan 100. Aka biya masu bin bashi da haraji da sauran ɗawainiya miliyan 40, saura 60. Mai ɗaukar nauyi ya ɗauki kashi 80 cikin 100, wato miliyan 48, saura 12. Idan kuma a tsawon shekarun shari'a an ninka yawan hannayen jari sau biyu don neman kuɗi, to rabon tsofaffin masu jari gaba ɗaya ya koma miliyan 6. Jarida za ta buga miliyan 100 da manyan baƙaƙe, amma abin da ya isa ƙarshen sarƙa bai wuce 6 ba.

Kammalawa

Wannan al'amari bai yi mana nisa ba. A 2024 gwamnatin Nijar ta janye lasisin yuraniyom na Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, da na Madawela daga GoviEx na Kanada, kamfanonin biyu kuma suka nufi sasancin duniya a ƙarshen wannan shekara. Saboda haka ya dace ɗalibanmu su san yadda waɗannan shari'o'i ke gudana, domin wata rana su ne za su zauna a kujerun masu ba gwamnati shawara.

Ga wanda aka yi wa tallar hannun jarin kamfanin da ba shi da wata kadara sai ƙara, ya yi tambayoyi uku kafin ya kwance lalitarsa. Nawa ne kason da aka riga aka jinginar ga masu ba da kuɗi? Su wa ke gabansa a layin biya? Wace kadara ƙasar da aka yi ƙara take da ita a waje wadda kotu za ta iya kamawa? Ga wanda kuma zai sa jari tun kafin a fara haƙa, kada ya tsaya ga ƙiyasin zinariyar da ke ƙasa. Ya binciki abin da ke tsirowa a samanta, da inda ruwan wurin ke gangarawa, da mutanen da ke shan sa. A Santurban dai, waɗannan su ne suka yanke makomar jarin tun kafin alƙalai su zauna. Allah ya sa mu dace.