Injin na ihu, mota ba ta gudu: abin da ya kamata direba ya lura da shi

Duk mai bin hanyar Akwanga zuwa Jos ta Gwantu ya san ƙananan motocin da suka mamaye ta: Golf, Vectra, Corolla, da Sharon ɗin da ake danƙara wa buhunan citta da doya har bayanta ya kusa taɓa kwalta. Masu irin waɗannan motoci kan je gareji da koke iri ɗaya, wai da sun hau babban titi sai injin ya kama ihu. Ihun injin dai iri-iri ne. Wani lafiya ce, wani gyara yake nema, wani kuma yana iya kai mutum lahira.

A gaban direba akwai agogo biyu manya. Ɗaya na nuna gudun mota, ɗaya na ƙirga juyin injin a minti, daga 1 zuwa 7 ko 8, kowace lamba dubu guda. Ƙaramar mota mai injin lita 1.0 zuwa 1.4 da giya biyar, idan tana tafiyar kilomita 100 a awa, allurarta kan tsaya wajen 3,000 zuwa 3,500. Haka aka ƙera ta. Ƙaramin injin ba ya samun ƙarfi sai ya juya da sauri, jan layin haɗari kuma yana can wajen 6,000. Wanda ya saba da babbar mota ne yake firgita. Saboda haka idan allurai biyun suna hawa tare suna sauka tare, kuma tun da ka sayi motar haka take, ka riƙe kuɗinka.

Matsala tana farawa ne idan allurai biyun suka raba hanya. Ka taka totur a hawa, injin ya ɗaga murya, allurar juyi ta yi sama, amma motar tana nan yadda take. A mota mai giyar hannu, kusan kullum kulochi ne ya cinye, yana zamewa maimakon ya kama. Sau da yawa za ka ji wani ƙauri yana shigowa. Gwajinsa ba wuya: a fili inda babu kowa a gaba, ja birkin hannu, sa giya ta uku, ka saki kulochi a hankali. Lafiyayyen kulochi zai kashe injin nan take. Idan injin ya ci gaba da aiki, faifan ya ƙare. Lodi fiye da ƙima da ɗora ƙafa a kan kulochi ana tafiya su ne ke cinye shi, kuma direbobinmu na haya sun ƙware a duka biyun. Wanda ya ce bari ya lallaɓa har Jos, ya tuna Hawan Kibo na jiransa, kuma kulochin da ya kasa ƙaramin tudu ba zai yi masa kara a can ba.

Mota mai otomatik kuwa, a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Duba sandar giya, ko tana kan D ko ta zame zuwa 3, 2 ko L. Tsofaffin Corolla da Camry suna da ɗan maɓalli a jikin sandar. Idan aka danna shi, O/D OFF zai kunnu a gaban direba, motar kuma ba za ta shiga giyar ƙarshe ba. An sha kwance giyabos lafiyayye saboda wannan maɓallin. Bayan nan a duba man giya. Idan ya yi ƙasa, ko ya tashi daga ja ya koma baƙi mai warin ƙuna, giyar za ta riƙa zamewa. Kada a yarda a zuba kowane mai; mota mai giyar CVT nata daban ne.

Akwai kuma ɗabi'ar nan ta cire tamostat, wai ƙasarmu zafi gare ta. Motoci masu otomatik da dama an tsara su ne kada su shiga giyar ƙarshe sai injin ya ɗumama. Idan babu tamostat, da asubahin hunturu a hanyar Jos injin na iya daɗewa bai yi ɗumi ba, sai motar ta maƙale a ƙaramar giya tana shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan asara ce da aljihu ke ji. Haka nan idan ihun ya fara ne bayan an sauya giyabos da na Beljiyam, ko an sa tayoyi ƙanana, a koma a tambayi bakaniken abin da ya sa. Fitilar injin idan ta kunnu, a kai inda ake da na'urar karanta kwamfutar mota kafin a kwance komai.

Mafi haɗari shi ne ka ɗage ƙafa daga totur amma motar ta ci gaba da ƙara gudu. Wayar totur ce ta maƙale, ko tabarmar ƙasa ta danne fedar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci saboda tabarma da fedar da ke maƙalewa. Idan ya same ka, taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka yi ta dannawa kana saki. Mayar da giya firi, wato N, ko ka taka kulochi. Injin zai yi kururuwa, ƙyale shi. Sauka gefen titi, ka tsaya, sannan ka kashe. Kada ka zare makulli ana tafiya, sitiyari zai kulle.

Firi a nan ne kawai yake da amfani. Sakin mota firi a gangara don injin ya yi shiru ko don tsimin mai ganganci ne, domin birki kaɗai ake bar wa nauyin motar har ya yi zafi ya daina kamawa. Mai saukowa daga Hawan Kibo ya sa giya ta uku ko ta biyu, ya bar injin ya yi ƙararsa, ita ce ke riƙe motar.