Nutso Daga Kan Kayak

Kayak siririn kwalekwale ne da mutanen Inuit na yankin ƙanƙara suka ƙera don farauta. Yau masu nutso a Monterey da ke Kalifoniya suna hawa na roba, su tuƙa zuwa tsakiyar ruwa ba tare da hayar jirgi ba.

Mai koyo kan fara da tuƙi, sannan yadda zai sake hawa idan kwalekwalen ya kife, kuma a nan wahalar take. Tukunyar iskar numfashi tana da nauyi, shi ya sa ake ɗaure ta da igiya a saukar da ita ruwa, sai mutum ya goya ta a can. Takardar shaidar farko ta PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ba ta ba da izinin wuce zurfin mita 18 ba. Kada ka yi nutso kai kaɗai.