Ka sayi gida, makullin yana hannun wani

A ce mutum ya sayi gida, ya biya lakadan a gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. Ranar tarewa sai ya tarar da ɗaki biyu a garƙame da kwaɗo, wanda ya sayar masa ya ce makullan za su zauna a wurinsa, wai kada ɗakuna su yi masa yawa ya rikice. A zaure kuma ya rataye allon tallan hajarsa, ya ce ba a cirewa. Ba mai yarda da wannan ciniki a kan gida, amma shi ake yi da mu a kan talabijin masu hawa intanet.

Abin da ke cikin akwatin nan kwamfuta ce cikakkiya. Ta Samsung tana aiki da Tizen, ta LG da webOS, kuma manhajar da mai gida zai saka sai wadda kamfani ya yarda ta shiga shagonsa. Wasu da suka zo a ciki ba sa goguwa. Maɓallin Netflix da ke kan rimot ba ka da ikon mayar da shi ga tashar da kake kallo. Tun 2018 Samsung ta daina sa tsarin sauti na DTS, don haka sai ka sa fim mai irin wannan sauti a filashi, hoto ya fito tar, murya babu.

Hujjar kamfanonin ita ce sauƙi, kuma akwai gaskiya a ciki. Dattijuwar da take son labaran dare kawai ba ta buƙatar saituna hamsin a gabanta. To amma sauƙi shi ne a kwashe tarkace a kai ɗakin baya, a miƙa maka makullin. Da sauƙin ake nema, da talabijin ba za ta buɗe da talla ba kafin ka kai ga dikodarka.

Dalilin yana wajen kuɗi. A 2017 kamfanin Vizio na Amurka ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da izinin masu su ba. A 2024 kamfanin Walmart ya saye shi a kan dala biliyan 2.3, kuma harkar tallan ce ta ja shi. A Maris na shekarar, masu talabijin ɗin Roku suka tarar da allo ya tsaya cak: sai sun danna sun amince da sababbin sharuɗɗa kafin su kalli komai, mai ƙi kuwa sai ya aika takarda ta gidan waya. Samsung ma, bayan wawashe rumbunta a Afirka ta Kudu a 2021, ta sanar cewa tana iya kashe talabijin ɗin da aka sace daga nesa. Ba na tausayin ɓarawo, amma abin ya tsaya mini a rai, domin wannan damar tana cikin akwatin mai gaskiya ma.

Abin da nake so ba shi da wuya, an ma riga an yi shi. Talabijin masu Google TV suna tambayarka tun ranar farko ko kana son ta zauna talabijin zalla, eriya da HDMI kawai, babu asusu. Sauran kamfanonin ma su yi wa mai saye wannan tambayar, su kuma bar shi ya goge duk manhajar da ba ya so.