Wayar Hannu da Hannun da ke Rawa

Ran nan na kai gaisuwa wurin wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda ya koya mini riƙon alƙalami tun ina yaro. Na tarar ya miƙa wa jikansa waya yana faɗa masa lambar asirin ajiyarsa ta banki, don a duba masa ko fensho ya shiga. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara rubutun jama'a ke nan! Hannu ne ya soma rawa. In ya taɓa harafi ɗaya sai biyu su fito, in kuwa kira ya shigo, kafin ya goga gilashin ya tsinke.

To, ya kamata malamai da akawuna su sani, maganin wannan yana cikin wayar ita kanta. Gilashin nan ba nauyin yatsa yake ji ba, da lantarki yake gane taɓawar fata, shi ya sa dannawa da ƙarfi ba ta ƙara kome, kuma yatsan da hunturu ya busar yakan ƙi aiki. Abin gyara shi ne yadda wayar ke fassara taɓawa. A shiga saiti, a nemi sashen nan mai hoton mutum ya miƙe hannuwa biyu.

A iPhone tun shekarar 2015 ana iya umurtar wayar kada ta lissafa taɓawa sai yatsa ya ɗan zauna, sa'an nan in an taɓa wuri sau biyu a gurguje ta ɗauke shi sau ɗaya. Wayoyin Samsung ma suna da duka biyun. A sauran na Android akwai wurin tsawaita lokacin da za a riƙe yatsa: gajere, matsakaici, ko dogo. Ga wanda Hausa yake rubutawa kuwa, allon Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ, ana kuma iya ƙara masa girma.

Batun kira ya fi sauƙi. A Android ana sa maɓallin kunna waya ya riƙa katse kira, a Samsung maɓallin ƙara murya ya riƙa amsawa, watau ba goge-goge. iPhone tun 2017 takan amsa da kanta bayan daƙiƙoƙin da aka ƙayyade mata. Wannan dai ni ban so shi ga mai zama cikin jama'a ba, gama mai kira zai ji hirar zaure tun mai waya bai farga ba.

Na sa wa Malam jinkirin rabin daƙiƙa. Ya gwada, ya ce ya yi masa nauyi, muka rage. Sa'an nan ya ce wa yaron ya tafi ya kawo mana ruwa, ya gyara tabarau, ya sake lambar asirin da hannunsa.