Ka ƙara wa masarrafa gudu, kwamfuta ta ƙi tashi: me ya faru a ciki?

Ka shiga BIOS, ka ɗaga lamba ɗaya daga 36 zuwa 45, ka danna F10 ka ajiye. Kwamfuta ta ɗauke kamar yadda ta saba kafin ta sake tashi. Sai dai wannan karon fankoki na ta juyawa, fitilu na ci, allo kuwa baƙi ƙirin. Abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne, shi ke nan, na ƙona masarrafa. Galibi ba haka ba ne, kuma gyaran bai wuce na minti goma ba.

Masarrafa tana aiki ne da bugun agogo. A yawancin kwamfutocin tebur na yau, asalin bugun megahaz 100 ne, sai a ninka shi da wata lamba. Idan lambar 36 ce, gudun ya zama gigahaz 3.6, wato bugu biliyan 3.6 a daƙiƙa guda. Abin da ake kira obakulokin shi ne ɗaga wannan lamba sama da inda kamfani ya ajiye ta. A gigahaz 4.5, tsakanin bugu da bugu ko haske ba ya tafiyar da ta kai santimita 7. A cikin wannan ɗan taƙin ake so saƙon lantarki ya ratsa jerin tiransisto ya isa inda ake jiransa. Kamar lugude ne: mata uku a turmi ɗaya, in dai kowace ta ɗaga taɓarya a kan lokaci, daka na tafiya, aka ƙara sauri fiye da ƙarfin hannu, sai taɓare su haɗu. A masarrafa, saƙon da ya makara yana sa a karanta 0 a wurin 1, lissafi ya ɓaci, komai ya tsaya cak.

To me ya sa kashewa da kunnawa ba ya magani? Saboda saitin da ka canza shi ne abu na farko da kwamfutar ke karantawa in ta farka, tun kafin ta san akwai allo ko madannai. Tana ɗaukar gudun da ya fi ƙarfinta, ta faɗi, ka sake kunnawa ta sake ɗaukarsa. Ƙofar da za ka bi ka gyara kuskuren tana bayan kuskuren ne.

Wasu madabod suna gane haka da kansu. In tashi ya gagara sau biyu ko uku a jere, sai su koma saitin kamfani, su rubuto maka cewa ƙarin gudun bai yi ba, danna F1. Don haka ka fara ba ta dama: danne maɓallin wuta har ta mutu, ka kunna, ka maimaita. Ka kuma yi haƙuri kaɗan in RAM ɗinka DDR5 ne, domin bayan canjin saiti yakan ɗauki 'yan mintoci yana daidaita kansa da masarrafa, allo na baƙi, alhali lafiya lau.

In hakan bai yi ba, sai goge CMOS. Zare wayar wuta daga bango gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa kamar goma don ragowar cajin da ke ciki ya tsiyaye. Buɗe akwatin, ka taɓa ƙarfen jikinsa tukuna. A lokacin hunturu musamman, wutar da ke taruwa a jikin mutum ta isa ta lalata wani abu. A kan madabod akwai 'yan allurai biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 a gefensu. Haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa biyar zuwa goma. In ba ka gan su ba, nemi batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ka cire shi na minti biyar ka mayar. Wasu madabod masu tsada ma maɓalli ne da su a baya, dannawa kawai. Akwatin da ke ba kwamfuta wuta kuwa, kar ka kuskura ka buɗe shi, yana riƙe caji ko bayan an zare waya.

Akwai wata tangarɗa da ke biyo bayan gogewar, wadda ba a cika faɗa wa mutane ba. Ba gudun masarrafa kaɗai ke komawa asali ba, duka saitin ne. Kwanan wata zai iya ɓacewa, jerin ma'adanar da ake tashi daga kanta zai iya canzawa, yanayin SATA zai iya juyawa tsakanin AHCI da RAID, Windows ta ƙi buɗewa kana zaton wata sabuwar cuta ce. In kuma ma'adanarka na kulle da BitLocker, tana iya neman makullin ceto mai lamba 48. Gara ka san inda ka adana shi tun kafin ka taɓa komai.

Har yanzu shiru? Duba ƙananan fitilu huɗu da ke kan yawancin sabbin madabod: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, nan tafiyar ta maƙale. Ni dai a ganina an fi zargin masarrafa da laifin da ba nata ba, domin mutane kan kunna XMP ko EXPO a rana ɗaya da ƙarin gudun, su manta shi ma ƙarin gudu ne, na RAM. Cire RAM ɗin ka bar sanda ɗaya a ramin da littafin madabod ya nuna, ka gwada. Ka tabbata wayar wutar masarrafa mai baki takwas ta zauna sosai. Idan kuwa ko fanka ba ta motsi, zargin ya koma kan akwatin wuta ko madabod ɗin kansa.

Inda haɗarin gaske yake shi ne bolt. Don saƙo ya daina makara, mutane kan ƙara wa masarrafa ƙarfin wuta, kuma yana aiki. Amma zafin da take fitarwa yana tashi ne daidai da gudu sau bolt sau bolt. Daga bolt 1.2 zuwa 1.4 kaɗai, ƙarin kusan kashi 36 cikin ɗari ne. Haɗa da tashi daga gigahaz 3.6 zuwa 4.5, ka doshi kashi 70. Masarrafar zamani tana rage gudu da kanta in ta kusa digiri 95 zuwa 100, ta kashe kanta in abin ya wuce haka, shi ya sa ƙonewa farat ɗaya ba ta cika faruwa ba. Sai dai lambobin da wani ya samu a ɗaki mai digiri 20 a Turai ba za su zauna ba a ɗakin da ya haura 35 a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, ga kuma ƙura ta toshe fanka.

Ɓarnar bolt a hankali take ci, kamar gara. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na 2024, lokacin da Intel ya amince cewa wasu masarrafansa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da kima, har suka riƙa rikicewa ko a hannun waɗanda ba su taɓa saitin komai ba. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wadda ta riga ta taɓu sai dai canji. Alamar irin wannan lahani ita ce kwamfuta ta tashi bayan goge CMOS, amma ta ci gaba da faɗuwa a gudun kamfani, alhali an gwada RAM an same shi lafiya.

In taka ta tashi garau kuma kana son sake gwadawa, ɗaga lambar ɗaya bayan ɗaya, 37 sannan 38, kana gwada kowane mataki da manhaja irin su Prime95 ko OCCT, idonka na kan zafi. Rubuta lambar ƙarshe da ta zauna a takarda, domin in ka sake goge CMOS, madabod ba zai tuna maka ita ba.