Kantin Kwari: Inda Mai Jari da Marar Jari Ke Cin Abinci

Da wuya a buɗe akwatin lefe a ƙasar Hausa a rasa turmin atamfar da ya biyo ta Kantin Kwari. Kasuwar tana Fagge, a tsakiyar Kano, kuma ita ce cibiyar cinikin tufafi ta Arewa baki ɗaya. Daga Maraɗi da Damagaram, daga Chadi da Kamaru, fatake na zuwa sari. Su canza sefarsu a Wapa da ke nan kusa, su shiga layuka neman shadda da leshi da yadi.

Asalinta yana haɗe da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Bayan zuwansa ne Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka kafa kantunan yadi a Fagge ta Kudu. Hausawa suka fara da zama yaransu da dillalansu, suka koyi harkar, daga baya suka saye gidajen. Shi ya sa har yau idan ana yi wa baƙo kwatance sai a ce masa gidan wane, hawa na biyu, shago na kaza.

A saman harkar akwai manyan diloli masu yin oda daga Guangzhou ta ƙasar Sin ko Dubai, kaya su iso kwantena-kwantena. Su ke sayar wa 'yan sari dila-dila, 'yan sari su rarraba wa masu shaguna da 'yan tebura, su kuma su sayar turmi-turmi. Turmin atamfa yadi shida ne; shadda kuwa a bandir take zuwa, a yanka wa mutum gwargwadon ɗinkin da zai yi. Akwai Super Holland ta masu hali, akwai gezna da ake kawowa daga Ostiriya, akwai kuma mai sauƙin kuɗi wadda talaka zai fita kunyar iyalinsa da ita ranar Sallah.

Sai dai yawancin masu cin abinci a Kwari ba su da ko ƙyalle nasu na kansu. Ga ɗan kayi-na-yi nan a bakin layi, jarinsa ƙafarsa da bakinsa da sanin inda kowane zane yake. "Hajiya, me za a kawo? Zauna nan, yanzu zan ɗauko miki." Zai ruga shagon da aka san shi, a ba shi turmi uku ba takarda ba jingina, ya ɗora ɗan abin da zai samu a kai. In an daidaita ya kai wa mai kaya kuɗinsa, in Hajiya ta taya ya ce albarka, sai ya mayar da kaya yadda ya karɓa. Ga ɗan dako da dila a ka yana ta "a ba da hanya". Ga mai ɗaurin kaya da buhu da basilla. Ga mai POS, mai abinci, mai shayi, ɗan adaidaita sahu da ke kai kaya tasha. A 'yan shekarun nan ma an samu matan aure da ɗalibai da ke sa hotunan kaya a WhatsApp, sai an turo kuɗi sannan su aiko a ɗauka. Duk waɗannan a jikin turmi ɗaya suke samun na cefane.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne amana. Ɗan sari daga Nijar yana iya ɗaukar kayan miliyoyi a kan alkawarin zai biya idan ya dawo. Yaro yana shiga shago da shara da ninkin kaya, sai a fara barinsa da ciniki, sannan a miƙa masa makulli. Idan ya yi shekaru ba a same shi da ha'inci ba, ubangida ya sallame shi da jari ko ya riƙa ba shi kaya bashi. Attajirai da yawa a kasuwar ta wannan tsani suka hau. Wanda kuwa ya ci amana sau ɗaya, kafin la'asar labarinsa ya gama layi.

Tsanin nan yana ƙara tsauri. Kano da a da ake kai saƙinta da rininta har Timbuktu, yanzu abin da wasu suka saƙa take sayarwa. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta daɗe da tsayawa, masaƙun Bompai da Sharaɗa da yawa sun bi sahu, saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Don haka farashi a Kwari dala yake bi. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, jarin da ke cika shago ya koma ba ya cika kanta ɗaya. Rufe iyakoki a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023, ya tsayar da baƙi. Ambaliyar watan Agustan 2022 ta shiga shaguna ta jiƙa dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwa sun ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanan ruwa. Ubangidan da ke fama da kuɗin haya, ta ina zai sallami yaro?

Masu mulki su sani cewa gyaran Kwari ya wuce ƙara benaye. A buɗe magudanan ruwa, a bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, a tanadi wurin da ɗan tebur zai iya biya. A kuma ba masaƙu wuta, audugar Funtuwa da Gusau ta samu mai saye a gida. Su ma iyayen gida kada su bari al'adar sallama ta mutu, domin kowane yaron da aka ɗora a kan ƙafarsa, gida guda aka ciyar.