Neman wurin kwana mai sauƙi da aminci a Berlin

Matashin da ya nufi Berlin da ɗan guzuri, wurin kwana ne zai fara cinye masa aljihu. Mafi rangwame shi ne hostel, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin mutum huɗu zuwa takwas. A Jamus ma aka faro tsarin: wani malamin makaranta, Richard Schirrmann, ya buɗe na dindindin na farko a Altena a 1912. Wata ƙungiya mai suna DJH na tafiyar da irinsu har yau, amma sai da katin mamba.

Kafin ka biya, tambayi ko akwai ɗakin mata zalla, da akwatin ajiya, da ma'aikaci a bakin ƙofa dare da rana. Ka tafi da kwaɗonka, domin wurare da yawa ba sa bayarwa. Sannan ka dubi taswira. An raba sufurin birnin shiyya uku, A, B da C, kuma gado mai araha a can gefen gari yakan rama arahar a kuɗin jirgi. Mai neman abincin halal da masallaci kusa zai ji daɗin Neukölln.

Akwai harajin kwana na kashi 7.5 cikin 100, don haka tabbatar ko yana cikin farashin.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne damfarar masu ba da hayar ɗaki. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗi ya aiko makulli, rabu da shi. Idan abu ya ɓaci, lambar 'yan sanda ita ce 110.